Daga shekara biyar zuwa kwana 47: yadda takardar shaidar shafukanmu ta fi ƙarfin hannun mutum

Duk mai riƙe da salula a Yamai ya taɓa cin karo da wannan abu. Ka danna adireshin wata ma'aikata ko makaranta, maimakon shafin ya buɗe sai gargaɗi ya tare ka, galibi da Faransanci, cewa haɗin nan ba shi da sirri, gara ka koma baya. Yawancinmu mukan ɗora wa rezo laifi, mu lalubo ƙaramin rubutun da ke ƙasa mu danna, mu wuce abinmu. Sau da yawa rezo lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne wa'adin wata takardar shaida ta lantarki, wadda ma'aikatan kwamfuta ke kira sertifika, ya cika, kuma wanda aka ɗora wa sabunta ta ya manta, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko kwangilarsa ta ƙare ya tafi da abin da ya sani a kansa.

Takardar nan aiki biyu take yi. Tana tabbatar wa wayarka cewa shafin da ta isa shi ne na gaske, ba na ɗan damfara da ya kwaikwayi suna ba. Sannan da ita ake fara kulle hirar da ke tsakaninku, ta yadda lambar sirrinka ko bayanin kuɗin da kake turawa ba za su karantu ga wanda ya laɓe a tsakani ba. Makullan biyu ne, a haɗe suke aiki: na fili yana cikin takardar, kowa na iya ganinsa, na sirri kuwa yana ajiye a uwar garken mai shafin. Wata hukuma da masu burauza suka amince da ita ce ke sa hannu, ta rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Ranar ƙarewar nan ita ce ta yi ta matsowa kusa a cikin shekaru talatin, kuma ita ce ta tilasta wa duniya miƙa aikin ga na'ura.

An fara ne a 1995, lokacin da kamfanin Netscape na Amurka ya fito da tsarin SSL. Cikin waɗanda suka ja ragamar aikin akwai Taher Elgamal, masani ɗan Masar. A shekarar ne kuma aka kafa VeriSign, wanda ya mamaye kasuwar sayar da takardun, kuma babban abokin gasarsa daga nahiyarmu ya fito: Thawte, da Mark Shuttleworth ya kafa a Afirka ta Kudu, ya sayar wa VeriSign a ƙarshen 1999 a kan kusan dala miliyan 575. A 1999 ɗin aka gyara tsarin aka sa masa suna TLS, ko da yake har yau bakin mutane bai saki tsohon sunan ba. Nijar a lokacin tana rarrafe ne. An yi rajistar .ne, sunan Nijar a intanet, a 1996, SONITEL ta riƙe sunan da layin, intanet kuma ta wayar tarho ake shigarta, a ofisoshi ƙalilan da shagunan sibar. Maganar kulle shafi ba ta taso ba, don shafin kansa sabon abu ne.

Wanda bai ga yadda ake sayen takardar a shekarun 2000 ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa shafukanmu suka daɗe a buɗe. Sai ka ƙirƙiri makulli a uwar garke, ka fitar da takardar buƙata, ka aika wa kamfani a Amurka ko Turai, wani lokaci haɗe da takardun rajistar ma'aikatarka, ka biya da katin banki a kan farashin da kan kai ɗaruruwan daloli a shekara, ka jira kwanaki, sannan ka liƙa abin da aka aiko maka da hannunka. A Yamai katin da zai biya kuɗin waje kaɗai ya isa ya tsayar da magana, balle a ma'aikatar gwamnati inda kowace sefa sai ta bi layin sa hannu. Wanda ya samu ya wuce wannan wahala yakan sayi mai dogon wa'adi, shekara uku ko biyar, don ya huta. Nan matsalar ta samo tushe. Aikin da ake yi sau ɗaya a shekara uku ba ya zama al'ada. Ba a rubuta shi a littafin aiki, ba a koya wa na baya. Yana zaune a kan mutum guda.

A gefe guda wani abu na tasowa. Kulle hira yana kare ta daga mai laɓe, amma ba ya hana ɓarawo ya shigo ta ƙofar gaba, ya cusa mugun umarni a gurbin da aka tanada don rubuta suna, ya kwashe rumbun bayanai. Don maganin wannan aka ƙirƙiri katangar tsaron shafi, wadda masu aikin ke taƙaitawa da WAF. Mafi shahara cikin na kyauta ita ce ModSecurity, da Ivan Ristić ya fitar a 2002. Aikinta ta tsaya gaban shafi ta duba kowace buƙata kafin ta bar ta ta wuce. To amma buƙatar a kulle take zuwa. Kamar jami'in kwastan ne a Gaya da aka kawo wa kwantena mai hatimi: in ba a ba shi ikon buɗewa ba, sai dai ya dubi jikin ƙarfen ya ɗaga hannu. Dole katangar ta riƙe takardar shaidar da makullinta na sirri, ta buɗe saƙon, ta bincika, ta sake kulle shi ta miƙa wa uwar garken da ke baya. Daga ranar da aka sa katanga, wuraren da ake ajiye takarda sun zama biyu ke nan aƙalla, kowanne da ranar mutuwarsa.

Shekaru huɗu, daga 2011 zuwa 2014, su suka girgiza amanar da aka gina tsarin a kai. A 2011 aka kutsa DigiNotar, wata hukumar ba da takardu a Holan, aka buga takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane kusan 300,000 a Iran. Kafin watan Satumba ya fita kamfanin ya rushe. A Disamban 2013 Google ya gano cewa wata ƙaramar hukuma da ke ƙarƙashin ANSSI, hukumar tsaron bayanai ta Faransa, ta fitar da takardu da sunan shafukansa, an saka su a na'urar binciken saƙonni a cikin wata ma'aikatar gwamnati. A shekarar ne Edward Snowden ya fallasa girman leƙen asirin da ake yi wa intanet. Sai Afrilun 2014 ta zo da ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ta sa makullan sirri na shafuka kusan rabin miliyan cikin haɗari a dare ɗaya. Kowa ya tashi canza takarda, a nan aka ga abu biyu ƙarara. Canji da hannu ba ya sauri. Kuma hanyar soke takardar da aka sace ba ta aiki yadda aka zata, domin burauza da dama ba sa tsayawa su tambaya ko an soke ta. In ba za a iya kashe takarda da wuri ba, abin da ya rage shi ne a sa ta mutu da kanta da wuri.

Amsar ta zo ta ƙofa uku kusan a lokaci guda. A ƙarshen Satumban 2014 Cloudflare, wanda ke tsayawa gaban shafuka a matsayin katanga daga cikin gajimare, ya fara ba duk abokan hulɗarsa takarda kyauta, yana sabunta ta da kansa. A Nuwamban shekarar aka sanar da Let's Encrypt, aikin da Josh Aas da Eric Rescorla na Mozilla, da Peter Eckersley na ƙungiyar EFF, da Alex Halderman na jami'ar Michigan suka haɗu a kai. Ta fitar da takardarta ta farko a 14 ga Satumban 2015, ta buɗe wa kowa a Disamba. Sannan a Janairun 2016 Amazon ya fito da nasa ma'ajin takardu, wanda ke bayarwa ya kuma sabunta wa masu amfani da gajimarensa.

A ganina Let's Encrypt ce ta fi canza rayuwar ƙaramin ma'aikacin kwamfuta a ƙasa irin tamu, kuma kyautar ba ita ce babbar hikimarta ba. Hikimar ita ce kwana 90. Da gangan aka gajarta wa'adin don kada kowa ya yi sha'awar yin aikin da hannu. Aka haɗa shi da wata ƙa'ida mai suna ACME, wadda ta zama ma'auni na duniya a Maris 2019: ƴar manhaja a uwar garkenka, irin su Certbot, ita za ta nemi takarda, hukuma ta ba ta ɗan gwaji don ta tabbatar kai ke riƙe da sunan, ta ci gwajin, ta karɓo takardar ta saka, duk cikin daƙiƙoƙi. In saura kwana 30 ta mutu, ta maimaita. Ba katin banki, ba takardun rajista, ba jiran sa hannun darakta. Kamfanin OVH na Faransa, inda shafukan ƙasashe masu amfani da Faransanci da dama ke zaune, ya saka ta wa abokan hulɗarsa tun 2016, saboda haka akwai shafukan Yamai da suka wayi gari a kulle ba tare da masu su sun motsa yatsa ba. A Fabrairun 2020 Let's Encrypt ta cika takarda biliyan ɗaya.

Wannan ya faɗo daidai lokacin da Nijar ke ɗaura ɗamarar shiga zamanin. An buɗe CIPMEN, gidan rainon ƙananan kamfanoni, a 2014. An haɗe SONITEL da SahelCom suka zama Niger Telecom a 2016. A 2017 aka kafa hukumar ANSI da shirin Niger 2.0, aka kuma yi dokar kare bayanan mutum wadda ta haifar da hukumar HAPDP. A 2019 dokar mu'amala ta lantarki da ta yaƙi da laifukan intanet suka biyo baya. Tura kuɗi ya fara ƙaura daga tagar NITA da Amana zuwa manhajojinsu a waya, bayanin haraji da na kwastan suka koma kwamfuta. A tsakiyar haka, a Yulin 2018, burauzar Chrome ta fara liƙa wa duk shafin da ba a kulle ba tambarin rashin tsaro. Abin da ake ɗauka ado ne na bankuna ya zama wajibi a kan kowa.

Su ma manya sun sha kashi kafin su koyi darasi. Labarin Equifax, kamfanin bayanan bashi na Amurka, shi ya fi dacewa da zancenmu, don a kan na'urar bincike abin ya faru. A 2017 ɓarayi suka shiga suka yi kwana 76 suna jidar bayanan mutane kusan miliyan 147. Kamfanin na da na'urar da ke buɗe saƙonni ta duba, amma takardarta ta daɗe da mutuwa, wata 19 a lissafin kwamitin majalisar wakilan Amurka. Na'urar na kunne, ba ta ganin komai, kuma ba ta yi ƙara ba. A 29 ga Yuli aka sabunta takardar, nan take masu tsaro suka ga kaya na fita. Wannan ya fi tayar min da hankali a kan shafin da ya faɗi, domin shafi in ya faɗi kowa zai gani a yi ta kiran waya, amma katangar da ta makance shiru take yi. A 6 ga Disamban 2018 kuma takarda ɗaya da ta ƙare a manhajar Ericsson ta katse intanet ɗin salula ga miliyoyin mutane a Ingila da Japan. A Fabrairun 2020 Microsoft Teams ya tsaya na sa'o'i saboda irin wannan mantuwa.

Shi ya sa wa'adin ya yi ta raguwa. Zauren da masu ba da takardu da masu burauza ke zama, CA/Browser Forum, ya tsayar da wata 60 a 2012, ya sauko 39 a 2015, sai kwana 825 a 2018. A 2020 Apple bai jira zauren ba, ya ce daga 1 ga Satumba burauzarsa ba za ta karɓi sabuwar takardar da ta wuce kwana 398 ba, sauran suka bi sahu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. ACME an tsara ta ne da tunanin uwar garke ɗaya da ke fuskantar duniya kai tsaye. Da zarar an sa katanga a gajimare gaban shafi, lissafin ya rikice, kuma a nan ne ƙwararru ke kwana. Gwajin da aka fi amfani da shi shi ne hukuma ta ce ka ajiye wani ɗan fayil a shafinka, ita kuma ta zo ta karanta. Amma yanzu in ta zo katanga za ta tarar, katangar kuma an horar da ita ta kori baƙon da ya yi kama da na'ura. Ga wani tarko da ya shafe mu musamman: mai kula da shafin ma'aikata kan ga hare-hare na zuwa daga waje, sai ya rufe ƙofa ga duk wanda ba daga Nijar yake ba. Dabara ce mai ma'ana, amma tun 2020 Let's Encrypt daga wurare daban-daban na duniya take zuwa duba fayil ɗin. Ya kore ta ke nan bai sani ba, kuma ba zai sani ba sai ranar da takardar ta mutu.

Mafita ita ce gwaji na biyu, wanda ake yi a kundin sunaye na DNS: manhaja ta rubuta wata ƴar alama a ƙarƙashin sunan shafin, hukuma ta karanta daga can ba tare da ta taɓa katanga ba. Shi kaɗai ne ma hanyar samun takardar da ke rufe dukkan ƙananan sunaye a lokaci guda, wadda Let's Encrypt ta fara bayarwa a Maris 2018. Amma wannan na buƙatar mai riƙe maka kundin sunaye ya kasance yana karɓar umarni daga manhaja. In sai an rubuta wasiƙa ko an kira wani a waya kafin a sauya layi ɗaya, maganar sarrafa kai ta mutu tun a nan. Bayan an samo takardar kuma sai an tura ta cikin katangar, kuma ga wani abin da mutane ke tuntuɓe a kai: ma'ajin Amazon yana sabunta takardun da shi ya bayar, amma wadda ka kawo daga waje ka ɗora masa ba ya taɓa ta, sabuntawa na wuyanka. Sannan ga zangon baya, tsakanin katanga da uwar garkenka. Cloudflare na da zaɓin da ke kulle gaba ya bar bayan a buɗe. Mai ziyara zai ga komai daidai, alhali bayanansa na ƙetare teku tsirara. Na fi ɗaukar wannan a matsayin yaudarar jama'a, ko da mai shafin bai yi niyya ba.

Duk waɗannan kowa a duniya na fama da su. Namu ƙarin shi ne na'urar da za ta sabunta takarda tana bukatar wuta da layi a ranar da lokacinta ya yi. Nijar ba ta da teku, zaren intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake bi ya kai gaɓa. Daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021 an rufe intanet ɗin salula bayan zaɓe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda a lokacin ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na kuran, ta yanke layi, takunkumin CEDEAO da UEMOA kuma ya wahalar da biyan kuɗi zuwa waje har aka ɗage shi a 24 ga Fabrairun 2024. A watannin nan takardar kyauta mai sabunta kanta ta nuna amfaninta, tunda ba ta jiran banki. Ko wata guda ba a yi da ɗage takunkumin ba, a 14 ga Maris, manyan igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, Nijar na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu. Tazarar kwana 30 da Certbot ke bari tana iya haɗiye irin waɗannan ranaku. Tazarar mako biyu, irin wadda takarda mai gajeren wa'adi za ta bari, ba lallai ta iya ba.

Akwai kuma talaka mai tsohuwar waya, wanda ba a cika tunawa da shi a zaurukan da ake yanke waɗannan hukunce-hukunce ba. A 30 ga Satumban 2021 tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt ta jingina da ita ta ƙare. An yi wata dabara aka ja wa wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba lokaci, amma a 2024 dabarar ta ƙare ita ma. Mai irin wannan waya a Harobanda ko Talladje gargaɗi zai yi ta gani a shafukan da babu abin da ya same su, kuma abin da zai koya shi ne danna wucewa a kowane gargaɗi, har da na gaskiya.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wa ke riƙe da makulli. Duk ma'aikatar da ta sa katangar wani kamfanin waje gaban shafinta ta yarda ke nan a buɗe saƙonnin ƴan ƙasa a na'urar da ke wata ƙasa, ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Manyan cibiyoyin gajimare na farko a Afirka a Afirka ta Kudu aka gina su, Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024, ita kanta Let's Encrypt ƙungiya ce ta Kalifoniya. A wannan lokaci da maganar ƴancin kai ke bakin kowa, za a samu mai cewa mu kafa hukumarmu ta ba da takardu mu huta. Don sa hannun lantarki da hulɗar cikin gida tsakanin ma'aikatu, wannan daidai ne, ya ma kamata. Amma shafin da jama'a za su buɗe da wayarsu sai takardar da Google da Apple da Mozilla da Microsoft suka amince da tushenta. Kazakistan ta gwada tilasta wa mutanenta tushen gwamnati a 2019, masu burauza suka toshe shi, tunda manufarsa leƙen jama'a ce. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa da ke cikin aikin zaren da zai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi, za ta iya ɗaukar katangar a Yamai. Takarda ta zo daga waje ta hanyar ACME, makullin sirri kuwa a nan za a ƙirƙire shi, a nan zai zauna, domin ƙa'idar ba ta buƙatar ya fita.

A Afrilun 2025 zauren CA/Browser Forum ya amince da shawarar da Apple ya gabatar, ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba: daga 15 ga Maris 2026 wa'adi ba zai wuce kwana 200 ba, daga 15 ga Maris 2027 kwana 100, daga 15 ga Maris 2029 kwana 47. A zangon ƙarshe hujjar mallakar suna ma kwana 10 kawai za ta yi kafin a sake neman sabuwa. Wata biyu bayan haka, a Yunin 2025, Let's Encrypt ta daina aika wasiƙar tunatarwa da mutane da yawa suka dogara da ita. Kwana 47 na nufin sabuntawa aƙalla sau takwas a shekara ga kowace takarda, a katanga da kuma bayanta. Ma'aikatar da ke da sunaye ashirin ba ta da ma'aikacin da zai iya wannan da kalanda da biro.

Kirana ga shugabannin ma'aikatu, bankuna, jami'o'i da kamfanoni a Yamai shi ne su kira mai kula da kwamfutocinsu su zauna da shi, kafin kwana 100 ta zama doka. A rubuta kowace takarda da ke gidan, da inda take, da ranar mutuwarta, har da waɗanda ke cikin katanga da na'urorin bincike. A tabbatar asusun sunan shafin da na gajimaren da sunan ma'aikata suke, ba da imel ɗin wani ɗan kwangila ba. A sa wata na'ura ta daban, daga waje, ta riƙa duba ranakun tana ƙara in sabuntawa ta gaza. Masu kula da .ne kuma su ba masu sunaye hanyar da manhaja za ta iya gyara kundinsu ba sai an bi ta ofis ba, malaman Jami'ar Abdou Moumouni da sauran makarantun fasaha su sa ACME cikin abin da ɗalibi zai yi da hannunsa kafin ya karɓi digiri.